Hoton Baba Preye a Tashar Jiragen Ruwa

Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in bar muku kujerar nan, to ga wanda har yau bai fita raina ba: ranar da aka kawo mini hoton jiragen ruwa in gyara, a nan Zariya, garin da babban ruwansa dam ne. Cikin damina ne, farkon mako, ana yayyafi tun safe.

Ga waɗanda ba su daɗe da zuwa ba, bari in faɗi yadda shagon yake a lokacin. Muna Sabon Gari, ba nisa da kasuwa. Oga Emeka ne mai wurin, shi ke magana da manyan kwastomomi. Ƙarƙashinsa akwai mai ɗaukar hoto, wanda kullum yana waje wurin biki ko taro. Sai ni, Rifkatu, mai gyara. Duk hoton da zai fita daga shagon sai ya bi ta kwamfutata: in share datti, in daidaita haske, in yanke abin da za a yanke. Ƙananan hotuna mu muke bugawa. Amma babban allon leda da ake kafawa a wurin taro, wanda muke kira fleks, ba mu da injinsa. Wani wurin aiki a Chikaji muke tura wa, kuma in taro na Asabar ne, dole aiki ya isa can ranar Alhamis kafin su tashi. In ya wuce haka sai dai haƙuri.

Mutum biyu suka shigo. Tsohuwar na san ta, kamar yadda duk mai cefane a kasuwar Sabon Gari ya san ta: Maman Tari mai busasshen kifi, mutuniyar kudu ce daga wajen Fatakwal, amma ta daɗe a Zariya har jikokinta ba su san wani gari ba. Namijin ɗanta ne, Tari, haifaffen nan, yana aiki a wani ofis a Samaru. Hausarsa ta fi tawa Zazzaganci. Mahaifinsa, Baba Preye, ya rasu, za a yi sujadar jana'iza ranar Asabar a cocinsu. Na yi musu ta'aziyya, Oga ya karɓi aikin: fleks babba na ƙofar coci, da hoton bangon takardar tsarin sujada, da riguna.

Na tambayi hoton da za a sa. Tari ya yi ajiyar zuciya ya bayyana mini. Hotunan da ke gida, ruwa ya cinye su shekarar da ambaliya ta shiga ɗakinsu a Dogarawa. Waɗanda ke cikin wayoyi kuwa duk an ɗauke su bayan Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, bakinsa ya karkace, kuma iyali sun yarda ba za a nuna shi haka ba. Abin da ya rage guda ɗaya ne. Mama ta kwance bakin zaninta, ta fito da shi cikin leda.

Ƙaramin hoto ne, bai fi tafin hannuna ba, baƙi da fari, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Tashar jiragen ruwa ce. Daga hagu wani ƙaton farin jirgi ya cika kusan kashi ɗaya cikin uku. A tsakiya ƙananan jirage na kamun kifi da dakon kaya sun jeru suna gogar juna, an rataya musu tsofaffin tayoyi a gefe, igiyoyi ko'ina. Ruwan baƙi ne, da shara tana yawo a kai. A kan ɗaya daga cikin jiragen, can wajen dama, wani saurayi yana tsaye da singileti, ƙafa ɗaya a kan tulin igiya. Kansa bai kai ƙwayar wake ba. Wani karyayyen layi ya ratsa hoton daga sama zuwa ƙasa, inda aka taɓa ninke shi.

Tari ya ce a ciro kai da kafaɗa kawai, a sa masa kwat in zai yiwu, a yi bayan hoton fari da gajimare, kamar yadda ake yi wa kowa.

Ga yadda aikin yake. Da farko ana yi wa hoton sikanin da ƙarfi, a kwashe duk abin da takardar ke ɗauke da shi zuwa kwamfuta. To tsohon hoto na fim, in an matso da shi sosai, za a ga ba shafaffe ba ne. Ɗigo-ɗigo ne kamar an watsa gero a faranti. Mu tsaki muke ce masa. Daga nesa tsakin nan shi ke haɗuwa ya zama fuska, ya zama ruwa, ya zama tsatsar jirgi. In aka yanke ƙaramin wuri aka buɗa shi ya yi girman ƙofa, tsakin ma sai ya buɗu, fuskar ta watse. Na san haka zai faru, amma na yi a gabansu don su gani da idonsu. Na ja layin yanka na kewaye kan saurayin, na buɗa. Abin da ya cika allon kamar hoton bangon da siminti bai kama ba: duhu biyu a wurin ido, wani haske a wurin goshi.

Oga Emeka ya leƙo ta bayana ya ce in sa shi a manhajar nan mai gyara fuska. Lokacin ba mu daɗe da fara amfani da ita ba, kuma kwastomomi na sonta. Abin da take yi, in ban taɓa faɗa muku ba, ba tono fuskar da ta ɓace take yi ba. Tana duban duhun da hasken, ta ƙaga fuskar da ta ga ta dace da su daga dubban fuskokin da aka koya mata. Na sa. Kafin in gyara zama ta gama.

Kyakkyawan saurayi ya fito, fata sumul, ido biyu daidai wa daida, haƙora a jere. Tari ya matso, na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce bai taɓa ganin mahaifinsa da ƙuruciya ba sai yau. Mama ta daɗe tana kallo, ta matso, ta ja baya.

"'Yata, wannan ɗan waye?"

Na ce, "Mama, shi ne injin ya gyara."

"Ba shi ba ne."

Ta ce mijinta yana da tabo a gira inda igiya ta taɓa tsinkewa ta doke shi, idonsa na hagu ya fi na dama ƙanƙanta, kuma tun tana yarinya ba ta taɓa ganin haƙoransa a jere haka ba. Tari ya ce tabon ai ana iya zana shi. Na zana. Ta ce yanzu ya zama baƙo mai tabo. Ita dai a sa hoton gaba ɗaya, da jiragensa da ruwansa. Suka koma yarensu, murya ƙasa-ƙasa, ni kuma na zauna ina kallon allon. Da suka tashi tafiya ba a tsayar da komai ba. Oga ya ce in shirya kala-kala, gobe in kai wa Tari Samaru ya zaɓa, tunda Tarin ba zai samu fitowa ba.

Washegari na yi iri uku. Na farko fuskar injin, da kwat da gajimare. Na biyu hoton dukansa, na share ƙura kawai. Na uku shi na fi ba wa lokaci. Na yanke farin jirgin, na yanke rabin sama, na bar Baba daga kai zuwa ƙafa tare da goshin jirgin da yake tsaye a kai, da tayoyin, da ɗan ruwa a ƙasa. Ban shafe tsakin ba, na dai rage masa kaifi kaɗan, na ƙara duhu a igiyoyi don su fito. A ganina wannan zai iya tsayawa tsakanin uwa da ɗa.

Na ɗauki kwamfutar hannu ta shago na hau Keke Napep. Ruwa ya tare mu a Kwangila, muka fake, na isa Samaru da jiƙaƙƙen zani. Tari ya karɓe ni a ofis, ga alama bai yi barcin kirki ba tun rasuwar. Wayarsa ba ta daina ƙara ba: masu kujeru, masu abinci, dangin da ke tahowa daga kudu suna tambayar masauki. Ya duba ukun. A kan na ukun ya fi daɗewa.

Ya ce, "Sista Rifkatu, wannan ya yi kyau, ban musa ba. Amma ki tsaya a bakin titi ki dubi ƙofar coci. Wa zai ga fuskarsa a nan? Jirgi za a gani."

Gaskiyarsa ce, kuma na faɗa masa haka. Fleks ana kallonsa ne daga nesa, ana wucewa. Daga nan ya ci gaba da magana, ba ni yake kallo ba. Ya ce mahaifinsa ya zo garin nan ba shi da komai, ya yi dako, ya buɗe shagon kayan gini, ya zama dattijon ikilisiya, ya sa 'ya'yansa duka a makaranta. Mutanen Zariya da kwat suka san shi ranar Lahadi. Shi ba zai kafa shi a ƙofar coci da singileti a cikin ruwan shara ba, a ranar ƙarshe da za a taru dominsa. Ya kira ƙanwarsa Boma da ke Legas, ya tura mata ukun. Ba ta ɓata lokaci ba ta zaɓi na farko, ta ce a ƙara hasken fatar ma.

Na ce to Mama fa? Ya ce in je in nuna mata na ukun, in ta yarda a sa shi a ciki, a shafin baya na takardar sujada.

Na koma Sabon Gari, na same ta a gida cikin matan zumunta da suka zo zaman makoki. Ta fito da ni baranda. Na buɗe mata na ukun. Ta sa yatsa a gefen dama na allon, inda na yanke, ta tambayi ina sauran jiragen suka tafi. Na yi mata bayanin nesa da kusa, da girman ƙofa, da abin da Tari ya ce. Ta saurara har na gama. Ba ta yi gardama ba. Ta ce ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba, ƙafafunta sun kumbura, kuma ba za ta yi faɗa da 'ya'yanta a kan gawar ubansu ba.

"Ku sa wanda suke so. Na gaji."

Shafin bayan ma bai samu ba, domin jerin waƙoƙi da sunayen dangi sun cinye wurin. Ranar Alhamis da rana Oga ya tsaya a kaina har na tura fuskar injin Chikaji. Na ƙara hasken fatar kamar yadda Boma ta ce.

Ranar Asabar mai ɗaukar hotonmu ya nemi in taya shi, don taron babba ne. Fleks ɗin ya fito tas, babu abin da mai sana'a zai kushe. Tun daga bakin titi ake ganin saurayin yana murmushi cikin gajimare. Fuskar tana kan riguna, tana kan takardar da ke hannun kowa. Ina jin mata suna cewa ashe Baba kyakkyawa ne haka da ƙuruciya. Wani tsoho da ya zo daga kudu, wanda aka ce tare suka taso, ya tsaya a gaban fleks ɗin da sandarsa, ya cire tabarau ya goge ya mayar, sannan ya wuce ciki. Mama kuwa an zaunar da ita a gaba. Duk hotunan da na ɗauka a ranar, na duba su daga baya, babu ɗaya da ta ɗaga kai ta dubi wajen da aka kafa shi. Takardar sujadar a kife take a cinyarta.

Aiki ya ƙare, iyali suka yi godiya, Oga ya ji daɗi domin a cocin aka samo mana wasu ayyukan. Ni kuma na koma kan hotunan biki.

Bayan wasu makonni, ruwa ya fara ja baya, sai ga Mama ita kaɗai. Ta zo karɓar ainihin hotonta, wanda ya kwana a aljihun teburina tun ranar farko. Na miƙa mata. Ta riƙe shi, ba ta tashi ba. Ta tambaya ko har yanzu yana cikin kwamfuta, ko za ta iya ganinsa da girma, dukansa. Babu kowa a shagon, wuta kuma akwai. Na jawo mata kujera kusa da tawa.

Na buɗe shi ya cika allon. Ta riƙa bi da ido daga wannan jirgi zuwa wancan. Sai ta fara ba ni labari, ba tare da na tambaya ba. Ita ba ta wurin ranar da aka ɗauki hoton, ba ta ma taɓa zuwa tashar ba. Tana ƙauye. Preye ya nemi aurenta, mahaifinta ya ce ba zai ba wa wanda ba shi da abin yi ba. Sai ya tafi Fatakwal, aka daɗe ba labari. Ran nan wani ɗan garinsu ya dawo da wannan hoton, ya kai wa mahaifinta.

"Ba fuskarsa ya aiko a gani ba, 'yata. Fuskarsa kowa ya sani a garinmu. Aikinsa ya aiko."

Ta ce mahaifinta ya zauna da hoton a ƙofar gida yana ƙirga jiragen, yana nuna wa maƙwabta. Sai bayan aure ta gano jirgin ba nasa ba ne, ba shi ke tuƙa shi ba ma, wanke shi yake yi yana sauke kaya. Roƙon mai jirgin ya yi ya bar shi ya hau a ɗauke shi. Nan ta yi dariya, karo na farko da na ji dariyarta, har ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce shekara da shekaru tana tsokanarsa da wannan ƙafar da ya ɗora a kan igiya kamar mai jirgi.

Ta ce tana son babba wanda za ta rataya. Na ce to ta faɗa mini yadda take so, ni hannu ce kawai. Muka fara. Karyayyen layin nan na ninki, ta ce a cire, domin ranar da aka ɗauka babu shi. Ɗigon mai da ya ɓata kusurwa, a cire, a rumfarta ya same shi. Na kai kan sharar da ke ruwan, na ce ina iya share ta ruwan ya yi tsabta. Ta riƙe mini hannu, ta ce haka ruwan yake, shi da kansa ya sha faɗa mata warinsa. Tsatsar jikin jiragen ma a bari. Na nuna mata yadda hoton zai zama in an shafe tsakin ya yi santsi, da yadda yake in an bar shi. Ta ce mai santsin kamar an wanke shi da sabulu, jiragen sun zama na roba. Aka bar tsaki.

Wajen yanka ne ta ba ni mamaki. Na ɗauka ba za ta yarda a taɓa ko'ina ba. Sai ta ce a cire farin jirgin nan na hagu gaba ɗaya, na Turawa ne, ba ruwansu da shi, kuma shi ke fara jan ido. Saman ma a rage, babu komai a ciki. Amma ƙananan jiragen ko ɗaya kada a taɓa, har wanda rabinsa kawai ya shigo a gefen dama. Da na ja layin yadda ta ce, hoton ya koma dogo a kwance, jirage a jere daga wannan gefe zuwa wancan, Baba Preye ƙarami a cikinsu, ba a tsakiya ba. A ƙa'idar da aka koya mini, bai kamata a bar rabin jirgi a baki ba. Na duba na sake dubawa, na ga ya zauna daidai. Rabin jirgin nan shi ke sa mutum ya ji tashar ta ci gaba bayan takardar.

Na buga mata a takarda marar sheƙi, mai ɗan kaushi, domin mai sheƙi tana ƙara fito da tsaki ya yi kamar datti, ita kuwa wannan tana shanye shi. Da ya fito ta riƙe shi nesa da ita iya tsawon hannu, ta ƙanƙance ido. Daga wannan nisan ɗigon suka haɗu.

"Yauwa. Ga shi nan," in ji ta.

Yana rataye a rumfarta har yanzu, hayaƙin kifi ya fara sa shi ja. In kun shiga layin masu kifi za ku gan shi. Tari kuwa muna gaisawa in mun haɗu, mutumin kirki ne. Da shekara ta zagayo ya dawo a yi kalandar tunawa, ya ce a sa hoton da aka sa a jana'iza, tunda shi mutane suka sani. Na sa. Shi ne a falonsa, shi ne a wayar Boma. Jikokin Baba Preye in aka ce su nuna kakansu, wannan saurayin mai jerarrun haƙora za su nuna.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki ba mai yawa ba ne. Na koyi raba abu biyu: abin da zamani ya yi wa takarda, da abin da ke wurin ranar da aka ɗauki hoto. Na farkon naku ne ku cire. Na biyun ba naku ba ne, sai mai shi ya ce. Na kuma koyi cewa kafin a ja layin yanka, yana da kyau a tambayi wanda ya kawo hoto dalilin da ya sa aka ɗauke shi tun farko, domin wani lokaci abin da ake shirin zubarwa shi ne hoton.

Kada ku ɗauka tambayar za ta canja abin da za a buga. Yawanci ba ta canjawa. Mutane suna zuwa nan cikin gaggawa da baƙin ciki, ga Alhamis tana matsowa, kuma mai santsi za su zaɓa. Ba mugunta ba ce, kowa yana son a ga nasa da kyau. Za ku yi musu, kamar yadda na yi ba sau ɗaya ba tun daga lokacin, har idona ya gaji da fuskokin da ba na kowa ba. Abu ɗaya nake roƙonku. Duk hoton da kuka yi wa sikanin, ku ajiye na ainihin a gefe, dukansa, da tsakinsa da shararsa, kada ku adana gyara a kansa. Wata rana, bayan an kwashe kujeru baƙi sun watse, akwai wanda zai dawo shi kaɗai ya ce a buɗe masa.